Mun Fi Son Jin Kukan Kabari da Biyan Bashin Mamaci

Makon jiya wata murya ta zagaya wayoyin mutanen Maradi. A rukunin WhatsApp na danginmu ta fara iske ni, daga baya na sake jin ta wurin mai shayi a Sabon Gari, ƴan kabu-kabu sun kashe babura sun yi tsit suna saurare. Ihu ne da gurnani, sai wani mutum yana bayani a kai cewa a wata maƙabarta aka ɗauke ta, daren da aka binne wani attajiri mai cin riba. Bai faɗi garin ba, bai faɗi ranar ba. A ƙarshe ya ce duk wanda ya tura wa mutum goma, Allah zai tsare shi daga azabar kabari.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne masu turo ta, domin na san wasunsu. Akwai wanda mahaifinsa ya daɗe da rasuwa, har yau ba a raba gonakinsa ba, ƙannensa mata ko taku ɗaya ba su samu ba. Akwai wanda yayansa ya mutu da kuɗin mutane a hannu, an yi sadakar arba'in da shinkafa da nama, masu bin bashi kuwa har gobe jira suke.

Ra'ayina a fili yake. Batun ruhi da abin da ke bayan mutuwa, kaɗan Allah ya sanar da mu. Mun bar kaɗan ɗin da aka tabbatar mana, mun koma tonon abin da aka rufe. Cikin kaɗan ɗin nan kuwa akwai abu guda da yake hannunmu mu masu rai, shi ne bashin mamaci da haƙƙin mutane da ya bari a baya. Wanda ya yarda da gaske cewa ran mahaifinsa yana nan bai ɓace ba, a nan ya kamata a ga alamar yardarsa.

Iyakar abin da aka sanar da mu

Tambayar mene ne ruhi ba yau aka fara ta ba. Bukhari ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'ud cewa yana tafe da Annabi (SAW) a Madina, suka wuce wasu Yahudawa, sai suka tambaye shi game da ruhi. Ya yi shiru har wahayi ya sauka. Amsar tana cikin Suratul Isra'i, aya ta 85: ruhi yana daga al'amarin Ubangijina, kuma ba a ba ku ilimi ba sai kaɗan. Mafificin halitta aka yi wa tambayar, kuma iyakar amsar da aka ba shi ke nan.

Kaɗan ɗin kuwa ya ishi mai hankali. Mun san ana hura wa ɗan tayi rai bayan kwana 120 a cikin uwarsa. Mun san daga Suratuz Zumar, aya ta 42, cewa Allah yana karɓar rayuka lokacin mutuwa da lokacin barci, ya riƙe wanda ajalinsa ya yi, ya saki sauran zuwa wani lokaci. Mun san akwai barzahu tsakanin mamaci da duniya har ranar tashi, kuma wanda ya roƙi a mayar da shi ba a mayar da shi. Akwai tambayar kabari, akwai ni'ima da azaba a cikinsa, sai tashi da jiki, sai hisabi, sai dawwama.

Duk wanda ya taɓa zama gaban malam a zaure ya buɗe Risala ya ga yadda Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a 996, ya taƙaita maganar: rayukan masu rabo suna nan cikin ni'ima har ranar da za a tashe su, na marasa rabo suna cikin azaba har ranar sakamako. Bai zana siffar ruhi ba, bai auna shi ba, bai ce ga yadda muryarsa take ba.

Ko Sahabbai ba su haɗu a kan komai ba. Abdullahi ɗan Umar ya ruwaito cewa Annabi ya ce mushirikan da aka jefa rijiyar Badar suna jin maganarsa. Nana A'isha ta ce a'a, cewa ya yi yanzu sun san abin da yake gaya musu gaskiya ne, ta kuma karanta ayar da ke cewa kai ba ka jiyar da matattu. Idan waɗanda suka zauna da Manzo sun yi taka-tsantsan haka, daga ina mai ɗaukar murya a waya ya samo tabbacinsa?

Kukan da kunnenmu ba ya ji

Wani zai ce, to kana musun azabar kabari ke nan? Ban musa ba, Allah ya tsare mu da ita. Nassin da ya tabbatar da ita shi ne ya ƙaryata wannan murya.

A hadisin Anas da ke cikin Bukhari, an ce wanda ake yi wa azaba yana yin ƙara da duk abin da ke kusa da shi yake ji, ban da mutum da aljan. A cikin Muslim kuma Annabi ya ce da ba don tsoron ku daina binne junanku ba, da ya roƙi Allah ya jiyar da ku azabar kabari. Ma'ana an ɓoye mana ita, kuma an faɗi dalilin ɓoyewar. Wanda ya zo ya ce ya ɗauko ta a salularsa, ko ya sani ko bai sani ba, yana faɗin abin da ya ci karo da maganar Annabi.

Irin wannan labari ma tsoho ne. Manya za su tuna da na masu haƙar rijiya a Rasha da aka ce sun zura na'ura ƙasa sun jiyo ihun ƴan wuta. Rijiyar gaskiya ce, tana yankin Kola, masu binciken duwatsu suka fara haƙa ta a 1970, ta kai zurfin mita 12,262 a 1989. Ihun ne ƙarya. Wata tashar talabijin ta Kirista a Amurka ta yaɗa labarin, muryar da aka liƙa masa daga baya harhaɗa ta aka yi, sannan ya biyo hanya har ya shigo wa'azinmu da rawani.

Haka zancen da ake yawan yi cewa kimiyya ta auna ruhi ta samu giram 21. Asalinsa wani likita ne a Amurka, Duncan MacDougall, da ya ɗora majinyata shida a kan sikeli suna gargarar mutuwa, ya buga sakamakon a 1907. Mutum ɗaya tak ya ba da wannan adadi, sauran ba su daidaita ba, kuma masana ba su karɓi gwajin ba. Imaninmu da ruhi bai taɓa dogara da sikeli ba, don haka bai kamata mu rataya shi a kan gwajin da ya faɗi ba.

Na san amsar da za a ba ni, domin an sha ba ni ita: ko ƙarya ce ai tana sa mutane tsoron Allah, wani zai tashi ya yi sallah saboda ita. Wannan hujja tana da haɗari. Annabi ya ce wanda ya yi masa ƙarya da gangan ya tanadi mazauninsa a wuta, bai ware wanda ya yi ta da kyakkyawar niyya ba. Alkawarin cewa tura saƙo ga mutum goma yana kare azabar kabari, wa ya ba shi izinin yin sa a madadin Allah?

Sannan mu duba yaranmu. Ɗalibin da ke Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo yana da intanet a hannu, cikin minti kaɗan zai gano muryar nan haɗi ce. Ranar da ya gano, ba muryar kaɗai zai zarga ba. Zai fara tambayar kansa, cikin abin da aka tsoratar da shi da shi tun yana ƙarami, wanne ne gaskiya? Da hannunmu muke buɗe masa ƙofar shakka a kan abin da babu shakka a cikinsa.

Masu raba Aljanna da wuta a Facebook

Ƙarfin halin da ke sa mutum ya ce ya ji kukan kabari, shi ke sa ya yanke wa mamaci hukunci. Mawaƙi ya mutu, ko ɗan siyasa, ko wata da aka sani da bori, kafin a gama wanka an cika Facebook da cewa ya tafi inda ya dace da shi. Idan malamin ɓangarenmu ne kuma, mun riga mun shigar da shi Firdausi.

Duka biyun an hana mu. Lokacin da Usman ɗan Maz'un ya rasu, Ummul Ala ta ce ta shaida Allah ya karrama shi. Annabi ya tambaye ta, me ya sanar da ke? Ya ce yana yi masa fatan alheri, amma bai bar ta ta yanke ba. Wannan Sahabi ne da ya yi hijira. A ɗaya gefen kuma Muslim ya kawo labarin mutumin da ya rantse cewa Allah ba zai gafarta wa wane ba, sai Allah ya gafarta wa wanen, ya rushe aikin mai rantsuwar. Nana A'isha ta ruwaito cewa kada ku zagi matattu, sun riga sun isa ga abin da suka gabatar.

Akwai hadisin da za a kawo mini, kuma ingantacce ne: an wuce da wata gawa mutane suka yabe ta, Annabi ya ce ta tabbata, aka wuce da wata suka kushe ta, ya ce ta tabbata, ku ne shaidun Allah a bayan ƙasa. Amma shaida daban, hukunci daban. Waɗancan sun zauna da mamatan, sun yi ciniki da maƙwabtaka da su, abin da suka gani suka faɗa, wanda ake yi wa wahayi kuma shi ya ce ta tabbata. Mai rubutu daga unguwar Zariya ko ta Ali Dan Sofo a kan mutumin da bai taɓa gani ba sai a hoto, me ya gani da zai shaida?

Cutar nan tana da wata fuska a ƙauyukanmu. Yaro ya kwanta da zazzaɓin cizon sauro tsakiyar damina, yana fizge-fizge, maimakon a ruga da shi asibiti sai a nuna wata tsohuwa a ce ita ta kama kurwarsa. Yaron ya rasa magani, tsohuwar ta rasa mutunci, jikokinta mata su rasa masu aure. Duk saboda wani ya yi da'awar sanin abin da ke faruwa da rai.

Abin da yake hannunmu

Yanzu ga maganar da ba a turawa ga mutum goma. Tirmizi ya ruwaito daga Abu Huraira cewa ran mumini a rataye yake da bashinsa har sai an biya masa. Muslim ya ruwaito cewa ana gafarta wa shahidi komai ban da bashi. Bukhari ya kawo ranar da aka zo da gawa, Annabi ya tambaya ko ana bin sa, aka ce dinari uku, bai kuma bar komai ba. Ya ce ku yi wa ɗan'uwanku sallah. Sai da Abu Ƙatada ya ce bashin yana wuyana, sannan ya sallace shi.

Wannan bayani ne kai tsaye a kan halin da ruhi yake ciki bayan mutuwa, daga bakin wanda ba ya ƙarya. Ya fi kowace murya tayar da hankali, domin ya shafi iyayenmu da ke kwance a maƙabartun garin nan, kuma maganinsa yana aljihunmu.

Ga Maradi kuwa, gari ne da bashi da amana suka gina. Alhaji ya ba yaronsa kaya ya kai ƙauye, sai an sayar a kawo kuɗi. Ɗan kasuwa ya ɗauko kaya daga Jibiya ko Kano da magana kawai. Manomi ya ci tiyoyin hatsi da damina a kan zai biya da kaka. Mafi yawan wannan ciniki babu takarda, alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka. Rufe iyakar da Najeriya ta yi daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da takunkumin da ya biyo juyin mulkin Yulin 2023, sun karya jarin mutane da dama, wasunsu sun mutu ba su farfaɗo ba. Bashin da suka bari yana nan, mutane biyu kawai suka san da shi, ɗaya kuma yana ƙasa.

Gaskiya ne, a wurin jana'iza akan yi sanarwa: duk wanda yake bin mamaci ya ga wane. Al'ada ce mai kyau, amma sau da yawa a nan take ƙarewa. Wa zai iya tashi gaban jama'a, ana kuka, ya ce ina bin sa jika talatin? Kunya ta hana shi ranar farko. Ranar uku gida cike da baƙi. Bayan arba'in ya zo, sai a tambaye shi shaida, ko a ce masa ai marayu ne, ka ji tsoron Allah. Ya koma gida yana cewa ya bar wa Allah. Mu kuwa mun san barin wa Allah ba yafewa ba ne, ɗaga shari'ar ne zuwa ranar da babu jika babu dala, sai lada da zunubi.

Sai kuma waɗanda sanarwar ba ta isa kunnensu sam. Mata ba sa zuwa maƙabarta. Mai furar da marigayi ya shekara yana sha yana cewa a rubuta, mai ƙosai, maƙwabciyar da ta ranta masa kuɗin magani, matarsa da ta sayar da akuyarta ta ba shi ya sayi taki, uwar adashin da ya kwashi zubi bai gama biya ba. A jihar nan aka fara ƙungiyoyin asusu na Mata Masu Dubara tun 1991, kuma kowa ya san sau nawa bashin da mace ta ɗauko daga asusu yake ƙarewa a hannun maigida. Idan ya mutu, macen ce ƙungiyar ke bi, tana cikin takaba. Ba a lissafa kuɗin nan cikin bashin mamaci, domin masu lissafin maza ne, a ƙofar gida suke zaune.

Tsarin da shari'a ta shimfiɗa ba ɓoyayye ba ne, yana cikin Risalar nan da muke karantawa: a fara da likkafani, sai bashi, sai wasiyya, sannan gado. Ayoyin gado a Suratun Nisa'i sun maimaita cewa rabon yana zuwa bayan wasiyya ko bashi. Mu mun juya tsarin. Mun fara da rumfa da kujeru da tukwane, wani lokaci ma da sabon bashi ake dafa abincin. Alhali lokacin da Ja'afar ya yi shahada a Mu'uta, cewa Annabi ya yi a dafa wa iyalansa abinci, domin abin da ya shagaltar da su ya same su.

Shekara da shekaru ƴan Izala da ƴan ɗariƙa suna jayayya a garin nan kan sadakar uku da bakwai da arba'in. Kowane ɓangare yana da malamansa, ba kuma a nan za a raba gardamar ba. Abin da na lura da shi shi ne babu malami ɗaya, a kowane ɓangare, da ya ce sadaka tana gaban bashi. Abin da suka haɗu a kansa shi ne muka fi sakaci da shi.

Gado ma haka. Ƙidayar 2012 ta nuna mutanen jihar Maradi sun haura miliyan 3 da dubu 400, gona tana ƙara tsukewa, kuma idan ta tsuke ƴaƴa mata ake fara ture wa. Babban wa ya riƙe gandu ya ce kada a tarwatsa gida, shekara goma yana noma rabon ƙannensa da na marayun ƙaninsa. Aya ta 10 a Suratun Nisa'i ta ce masu cin dukiyar marayu da zalunci wuta suke ci a cikinsu. Ga labarin azaba tabbatacce ga mai neman abin da zai tsorata shi.

Idan mamacin bai bar komai ba fa?

Wannan tambaya ce ta gaskiya, domin talakawa sun fi yawa, kuma ba na so gwauruwar da ba ta da abin kai wa baki ta karanta wannan ta kwana tana kuka cewa mijinta a rataye yake.

Addini bai bar ta haka ba. Bukhari ya ruwaito cewa wanda ya karɓi dukiyar mutane da niyyar biya, Allah zai biya masa. Ba a tilasta wa magada biya daga aljihunsu idan mamaci bai bar dukiya ba, ko da yake wanda ya yi ya kyauta. Kuma da Allah ya buɗa wa Musulmi, Annabi ya ce wanda ya mutu ya bar bashi, biyansa yana kan shi Annabin. Nauyin ya tashi daga gidan talaka ya koma kan jama'a.

A nan nake kallon Alhazan garinmu. Cikin kashi takwas na masu cin zakka da Suratut Tauba ta lissafa a aya ta 60 akwai waɗanda bashi ya yi wa katutu, kuma malaman Malikiyya sun halatta a biya bashin mamaci da ita. Maimakon a tara mutane a ƙofar gida a raba musu jika ɗai-ɗai da ba za ta kai gobe ba, attajiri ɗaya zai iya sauke bashin mamata da dama a unguwarsu. Mai bin bashi da yake da hali kuma, ya furta a gaban magada cewa ya yafe, da baki, ba a zuci ba.

Limamanmu suna da rawar da ta fi sanarwar minti ɗaya. A kowace rasuwa a wakilta mutum biyu amintattu, a faɗi sunansu, a ba da wa'adi, a karɓi maganar mai bin bashi a keɓe inda kunya ba za ta hana shi ba. Kada a taɓa gado, kada a ɗora tukunyar sadaka da kuɗin mamaci, sai sun kawo lissafi. A kuma haɗa su da dattijuwa ɗaya da za ta shiga cikin gida da gidajen maƙwabta, ta zauna da matan marigayi da uwar adashi da masu ƙananan sana'a, ta tambaye su ɗaya bayan ɗaya nawa suke bin sa.